Maganar Shimfiɗar Takalmi da Ƙullutun Babban Yatsa

Wannan shi ne jawabin da tafintan ofishin kariya ya yi a rumfar taro, gaban kwamitin dattawa, kwamitin mata da 'yan sa-kai masu zagaya gidaje. An buga shi ne saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Kun saba ganina tsaye a gefen Madam, ita tana faɗa da Faransanci ni ina juya muku da Hausa. Yau ni kaɗai na tsaya, domin kuskure na zo gyarawa, kuma daga bakina kuskuren ya fito.

Kun tuna ranar da ma'aikacin gashin ƙashi ya zo daga Maraɗi ya duba ƙafafun dattawa, ya ba wasu shimfiɗar nan da ake sawa cikin takalmi? Ni na yi masa tafinta. Ya faɗi wata kalma mai ma'anar gyara, ni kuma da saurin baki na ce muku shimfiɗar za ta miƙar da babban yatsan da ya karkace. Rumfar nan a cike take ranar, kowa ya ji.

Makon jiya wata inna ta shigo ofis, ta ajiye tata a kan tebur, ta tuɓe takalmi ta miƙo mini ƙafa. Ta ce, "Ɗana, duba da idonka. Wata biyu ina takawa, ga yatsa nan inda yake. Ku karɓi abarku." Na ce, "Inna, ciwon fa, yana nan kamar da?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce a'a, yanzu tana zuwa famfo ta dawo ba ta zauna a hanya ba. "Amma ai cewa ka yi zai miƙe." Gaskiyarta. Daga baya na ji akwai waɗanda suka jefar da nasu, akwai kuma wanda ya yanka tasa ya yi wa jikansa ƙwallo. Shi ya sa na kira ma'aikacin a waya, na riƙe littafi da biro, na yi ta tambayarsa har ya gaji da ni. Abin da na rubuto shi zan faɗa muku, a hankali wannan karon.

Mu fara da ƙafar kanta. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26. In ka haɗa biyun 52 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan jikin mutum duka. Biyar daga cikinsu dogaye ne, suna kwance a jere daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu, kowane yatsa da nasa. Ku taɓa gindin babban yatsanku yanzu, inda yake lanƙwashewa. Nan ne gaɓar da muke magana a kanta, inda dogon ƙashi na farko ya haɗu da yatsa. Duk takun da mutum ya yi, babban yatsa ne na ƙarshe da ke barin ƙasa, shi ke tunkuɗa jiki gaba. In kina ɗauke da jarka a ka da goyo a baya, wannan 'yar gaɓar ce ke karɓar rabo mai yawa na nauyin.

Abin da ke faruwa ga wasu shi ne, dogon ƙashin nan yakan buɗe sannu a hankali ya nufi wajen ɗayar ƙafar, shi kuma yatsan ya kwanta ya nufi 'yan'uwansa, wani lokaci har ya hau na kusa da shi ko ya shige ƙarƙashinsa. Ƙullutun da kuke gani a gefen ƙafa kan ƙashin ne ya turo fata. Ƙashinku ne na haihuwa, ya dai bar mazauninsa. Takalmi yana gogarsa, sai wurin ya yi ja, ya yi kanta, wani lokaci ya kumbura.

Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin a nan ake yin ɓarna. Tunda ƙashi ne, babu mugunyar da za a fitar. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ya sa ƙaho. Kada a kai wa mai ɗori ya ja yatsan da ƙarfi ya ɗaure da kara, domin babu karaya. Ina girmama masu ɗori, hannun ƙanena da ya karye tun muna yara mai ɗori ne ya haɗa shi. Wannan dai ba aikinsu ba ne. Rauni a kan gaɓa, ga ƙura, ga ƙarancin ruwa, shi ne ke mayar da ƙaramin ciwo babba.

Da yawa sun ce mini gudun da muka yi ne ya karkatar da yatsan, kwana biyu ko uku a daji, wasu ma ba takalmi, daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa har aka ƙetaro iyaka. Na tambayi ma'aikacin wannan. Ya ce tafiyar kwana uku ba ta karkatar da ƙashi, abin yana ɗaukar shekaru. Yawanci gado ne, in kin duba ƙafar mahaifiyarki ko gwaggonki sau da yawa za ki ga irinsa. Ya fi kama mata, yana ƙaruwa da tsufa, kuma matsattsen takalmi mai tsinin baki yana hanzarta shi. Sai dai doguwar tafiya tana tayar da ciwon da yake kwance. Saboda haka wanda ya ce tun daga gudun ƙafarsa ba ta koma daidai ba, bai yi ƙarya ba.

To, me shimfiɗar take yi? Ku dubi murhu. Duwatsu uku ne, in ɗaya ya yi ƙasa tukunya sai ta karkata, miya ta taru gefe guda. Uwargida sai ta ɗauki tsingaro ta cusa ƙarƙashin dutsen, tukunya ta zauna daidai. Dutsen bai ƙara tsawo ba. In ka zare tsingaron, tukunya za ta koma yadda take. Haka shimfiɗar nan. A tsakiyar tafin ƙafa akwai wani ɗan rami da ba ya taɓa ƙasa, wanda in ka taka rairayi mai laima za ka ga babu sawunsa. Wasu mutane ramin nan ya faɗa, ƙafarsu tana birkicewa ciki duk sa'ad da suka taka, nauyi ya zube kan gindin babban yatsa. Shimfiɗar tana da tudu daidai wannan rami, tana da kwarmi da ke riƙe diddige kada ya karkata, wata kuma an yi mata ɗan tudu a bayan gindin yatsu don ta rarraba nauyi. Tsayuwar ƙafa take daidaitawa muddin tana ƙarƙashinka. Wannan shi ne gyaran da mutumin yake nufi, ni kuma na kai shi kan yatsa.

Ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2001 daga ƙasar Finlan. Mutum 209 masu irin wannan yatsa aka raba gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ba su shimfiɗa, wasu aka ce su jira. Bayan wata shida, masu shimfiɗa sun fi masu jira samun sauƙin ciwo. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa tiyata ne suka fi kowa samun sauƙi. Da na ji haka na ce masa, to ai sai a yi wa kowa tiyata. Ya yi dariya. Ya ce aikin yanka ƙashi ne a mayar da shi mazauninsa, mutum ya yi wajen mako shida yana lallaɓa ƙafa cikin takalmi na musamman, kumburi ya ɗauki watanni, kuma wani lokaci yatsan yakan sake karkacewa. Ba a yin sa don kyan gani, sai ciwo ya hana mutum tafiya kuma an gwada sauran hanyoyi. Ni a yau ban yi wa kowa alkawarin tiyata ba, ku zama shaida. Na yi alkawari sau ɗaya da bakin wani, na ga abin da ya jawo.

Haka kuma 'yar robar nan mai laushi da ake sawa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, da wani abin ɗauri da ake kwana da shi. Suna rage gogayya, wasu suna jin daɗinsu, amma da an cire yatsa yakan koma inda ya saba.

Yanzu maganar takalmi, wadda a ganina ta fi ta shimfiɗar muhimmanci, ko da yake ba ita ce ke jan hankali ba tunda ba daga mota aka sauko da ita ba. Shimfiɗa ba ta zama a silifas, zamewa take yi. Tana son takalmi mai rufi ko mai maɗauri a baya, mai faɗin baki, marar tsinin dunduniya. In kuka tura ta cikin takalmin da dama ya matse, kun ƙara cika wurin, ƙullutun zai fi gogewa. In takalmin yana da tasa shimfiɗar ta kamfani, a zare ta tukuna. Ga dabarar da ya koya mini, kuma ba ta cin ko dala: ka taka kwali kana tsaye, yaro ya zagaye ƙafarka da biro, ka yanke hoton ka tafi da shi kasuwa. Ka ɗora takalmin a kai. In hoton ƙafar ya leƙo ta gefe, takalmin ba naka ba ne, ko mai gwanjo ya rantse zai buɗe. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. A gwada da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yini. Wanda takalminsa na fata ne, baduku ko mai gyaran takalmi yana iya buɗa masa daidai wurin ƙullutun, ko ma ya yanke wurin ya sa fata mai laushi.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: wanda yake lissafin tiyar gero ina ya ga kuɗin takalmi? Shi ya sa nake cewa kada a ɓata ɗan abin da ake da shi wajen sayen shimfiɗar gwanjo. Na ga irinsu a kasuwa, masu tauri, an zubo su cikin dilar takalma. Wasunsu an auna su ne da ƙafar wani mutum a wata ƙasa, tudunsu yana inda ramin ƙafarsa yake. Haka nan kada miji ya ari ta matarsa, kada a sa ta dama a hagu. Kuɗin da za a kashe a kansu gara a ƙara a sayi takalmi mai faɗi.

Wanda aka ba sabuwa, kada ya yini da ita ranar farko. Awa ɗaya ko biyu, gobe a ƙara kaɗan, har mako ɗaya ko biyu ƙafa ta saba. Ɗan jin baƙon abu a ƙarƙashin ƙafa ba laifi ba ne. In an cire an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu kuma bai washe ba bayan rabin awa, ko ya yi bororo, ko gwiwa ko ƙugu sun fara sabon ciwo, a daina sawa a dawo da ita. Ana iya kankare ta a rage tudun, aikin 'yan mintuna ne a hannun wanda ya iya. A goge ta da tsumma mai laima, a shanya a inuwa. Kusa da murhu ko kan kwanon rufi da tsakar rana lanƙwashewa take yi. In za a shiga masallaci ko gidan biki, a tura ta can cikin takalmin, yara suna son ta.

Akwai wani ciwon a wannan gaɓar dai wanda yatsan bai karkace ba, ƙagewa ya yi. Mai shi zai ce muku yana jin sa ne in zai hau tudu, in ya tsuguna, ko in ya kafa yatsu a sujada. Gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, wani lokaci har ƙashi ya yi ɗan tudu a saman gaɓar. Shi wannan takalmi mai taurin ƙasa yake so, wanda ba ya lanƙwashewa, don gaɓar ta huta. Takalmi mai laushi da ke naɗewa kamar tabarma ƙara masa ciwo yake yi. Kun ga ke nan abin da ya yi wa maƙwabciyarki daɗi yana iya zame miki wahala, don haka sai an duba.

Akwai kuma wanda ba ruwansa da shimfiɗa ko kaɗan. Mutum ya kwanta lafiya, cikin dare gaɓar ta kumbura, ta yi zafi kamar garwashi, ko mayafi ya taɓa sai ya yi ƙara. Ya fi kama maza. Likitoci suna kiransa gawut, wani gishiri ne da ke cikin jini yake taruwa a gaɓa, kuma yawan cin kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da shan giya, suna tayar da shi. Magani yake so daga likita. In kumburin ya zo da zazzaɓi, ranar za a tafi, kada a kwana, domin yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Kuma don Allah a rage ƙwayoyin kashe ciwo na masu talla a faranti. Shan su wata da watanni yana cin ciki yana taɓa ƙoda.

Iyayena, ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. Masu ciwon suga da waɗanda kuturta ta taɓa, da yawansu ƙafarsu ba ta jin zafi. Lafiyayye in takalmi ya cije shi zai tsaya ya cire. Su ba za su ji ba, sai dai a ga jini a safa ko a ji wari. Gyambon da ya fara daga ƙullutun yatsa ko daga tafin ƙafa yana iya kai wa ga yanke ƙafa. Irin waɗannan kada su sa kowace shimfiɗa sai wadda ma'aikaci ya auna musu, mai laushi, kuma ga su aikinta ya wuce rage ciwo, tsare ƙafar take yi daga rauni. Kullum da yamma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi ko ya sa jika ya duba masa. A zazzage takalmi kafin a sa, saboda tsakuwa da ƙaya da kunama. Kada a taka rairayin rana ba takalmi, kada a yanke kanta da reza, bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Kuturta tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da shi. Mutanen wannan yanki sun san asibitin Danja, kusa da Maraɗi, da ya daɗe yana wannan aiki. Wanda yake jin kunyar faɗa a bainar jama'a ya same mu a ofis, maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Aikina ya hana ni ɗaukar abin da na fassara in kai waje, ko ga matata.

Yara kuwa, uwaye mata su kwantar da hankali. Ƙaramin yaro tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake, ramin yana fitowa ne yana girma, wajen shekara shida zuwa sama. In ba ya kukan ciwo, yana gudu da 'yan'uwansa, ba ya buƙatar komai. Wanda za a gaggauta kawowa shi ne jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe tana kallon ciki. Wannan ana gyara shi da filasta da ake sauyawa mako-mako, sannan takalmin ƙarfe na barci, kuma ya fi sauƙi in an fara tun makonnin farko.

Wani zai ce me ya haɗa ofishin kariya da yatsan ƙafa. Abin da nake gani a teburin ƙorafi ne ya haɗa mu. Tsohuwa ƙafa ta hana ta tsayuwar layi, sai ta ba ɗan maƙwabta katinta ya karɓo mata rabo. Wata na farko ya kawo cikakke. Wata na uku mai ya ragu, ya ce haka aka bayar. Ba ta da yadda za ta yi, in ta yi magana wa zai je mata gobe? Wata kuma ta daina zuwa itace, sai ta tura jikarta 'yar shekara goma sha biyu daji ita kaɗai. Wani dattijo ranar tantancewa ta wuce shi saboda ɗingishi, sai da aka yi ta rubuce-rubuce kafin sunansa ya dawo. Duk waɗannan daga ƙafa suka fara. In shimfiɗa da takalmi mai faɗi za su sa inna ta je famfo da kanta ta riƙe katinta a hannunta, ni a wurina sun biya, ko yatsan ya ci gaba da kallon gabas.

Saboda haka ga yadda za a yi. 'Yan sa-kai za su zagaya gida-gida su rubuta sunan duk wanda ciwon ƙafa ke hana shi zuwa rabo, famfo ko asibiti. Masu ciwon suga, da masu ƙafar da ba ta ji, da masu gyambo, su za a fara gani. Wanda ba ya iya tsayuwar layi ya faɗa, a rubuta shi cikin masu buƙata ta musamman, kuma in zai wakilta wani ya karɓar masa rabo, a zo ofis a rubuta sunan wakilin, don in an samu ragi a san wanda za a tambaya. Ranar da ma'aikacin zai dawo, shugabannin unguwa za su sanar. Dubawa kyauta ce, shimfiɗar kyauta ce, rubuta suna kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma a wurinku saboda wannan, ko ni ne, ku sa takarda a akwatin ƙorafi ko ku faɗa wa Madam kai tsaye.

In za ku zo, ku zo da takalmin da kuke sawa kullum, kada ku ɗauko na Sallah. Ya ce yana karanta yadda mutum ke taka ƙasa daga inda takalminsa ya cinye, sabo kuwa ba ya gaya masa komai. A wanke ƙafa, a zo da katin asibiti in akwai. Waɗanda suka jefar da tasu saboda maganata su zo su ma, ba wanda zai yi musu faɗa, na riga na gaya masa laifin nawa ne. Inna da ta bar tata a ofis, tana nan cikin aljihun tebur na naɗe ta a takarda, in kina cikin taron nan ki biyo ni in an tashi. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.